A aji ina ganewa, amma in na zauna gaban kwamfuta sai kaina ya kulle

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu a jami'a, sashen kimiyyar kwamfuta. Wannan zangon muna koyon rubuta manhaja da harshen Java. Tun da muka shiga batun objek da jeri na ɓace. A aji ina ganewa, amma in aka ce in rubuta da kaina sai kaina ya kulle. Gaskiyar da ban taɓa faɗa wa kowa ba ita ce, duk aikin gidan da na miƙa ko dai na kwafa ne daga wata ƙawata, ko ChatGPT ya rubuta na canza sunaye. Yanzu an raba mu huɗu-huɗu, za mu rubuta manhajar da ke riƙe makin ɗaliban aji tare da gwaje-gwajen JUnit, kuma malam ya ce kowa sai ya tsaya ya kare aikin da bakinsa. Saura sati shida jarrabawa. Ba ni da kwamfuta, sai waya. Babana yana alfahari da ni, ni kuwa har na fara tunanin neman canjin sashe. Anya ƙwaƙwalwata ta wannan karatun ce?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki nemi canjin sashe yanzu. Ba ki kai matsayin da za ki ce karatun ya fi ƙarfinki ba, domin har yau ba ki kama shi da hannunki ba. Abin da kike kira ganewa a aji bin malam ne da ido: ya rubuta layi, ya yi bayani, kika ga ya yi ma'ana. Gani kuwa ba ci ba ne. Wanda ya iya rubuta manhaja shi ne wanda, kafin ya danna maɓalli, zai iya cewa ga abin da zai fito. Wannan ne kika tsallake, kuma kwafen da kike yi shi ya hana ki samunsa.

Ba zan yi miki kwana-kwana a kan kwafen ba. Maguɗi ne, kuma kin sani, shi ya sa yake ci miki rai har kika rubuto. Ki daina daga yau, ko da aikin da za ki miƙa na gaba zai zo da rabinsa kawai yana aiki. Rabin da kika rubuta za ki iya tsayawa a kansa gaban malam. Cikakken da aka rubuta miki tambaya ɗaya ce za ta rushe shi.

Ga abin da nake so ki yi a wannan satin. Ki je wurin 'yan rukuninku ki ce ke za ki ɗauki rubuta gwaje-gwajen. Ɗalibai da yawa gudun wannan ɓangaren suke yi, suna barinsa sai daren miƙa aiki, don haka da wuya wani ya yi miki gardama. Ke kuwa shi ya fi dacewa da ke, saboda dalili biyu: ana iya fara shi da biro da takarda, kuma shi ne zai tilasta miki ainihin abin da kika rasa, wato faɗin sakamako kafin a gan shi.

Kada sunan JUnit ya firgita ki. Ƙaramin kayan aiki ne, har ma Kent Beck da Erich Gamma a cikin jirgin sama suka rubuta tushensa a 1997, a hanyarsu daga Zurik zuwa Atlanta. Aikinsa ɗaya ne: ki faɗi abin da kike sa ran ya fito, shi ya kira guntun manhajar ya kwatanta. In sun yi daidai ya nuna kore, in sun saɓa ya nuna ja. A ce a aikinku akwai guntun da ake ba shi maki ya dawo da daraja. A yawancin jami'o'inmu 70 zuwa sama A ne, 60 zuwa 69 B, 50 zuwa 59 C, 45 zuwa 49 D, 40 zuwa 44 E, ƙasa da haka F. Wannan kin san shi tun kafin ki ji sunan Java. To ga gwaji:

assertEquals('A', daraja(70));
assertEquals('B', daraja(69));

Na farko a cikin baka shi ne abin da kike sa rai, na biyu shi ne abin da manhajar ta bayar. Ki lura ban zaɓi 85 ko 63 ba. Kuskure ba ya yawan zama a tsakiya, a bakin iyaka yake laɓewa. Wanda ya rubuta "fiye da 70" a inda ya kamata ya rubuta "70 ko fiye" manhajarsa za ta ba mai 85 A lafiya lau, amma ta ba mai 70 cif B, kuma kin san irin ƙarar da ɗalibi zai kai a kan wannan maki ɗaya. Don haka ki bi iyakokin ɗaya bayan ɗaya: 59 da 60, 49 da 50, 44 da 45, 39 da 40, sannan 0 da 100.

Daga nan tambayoyin za su fara zuwa da kansu. In aka shigar da 101 fa? In aka shigar da -5? Manhajar ta ba da A da F kamar babu komai, ko ta ƙi karɓa? Wannan ba tambayar Java ba ce, shawara ce da rukuninku zai yanke, kuma ke ce za ki kawo ta teburin. In kun yarda ta ƙi karɓa, akwai assertThrows a JUnit 5 da ke tabbatar da cewa lallai ta ƙi. Ranar da kika kawo wannan tambayar kin riga kin zama mai amfani a rukunin, tun ba ki rubuta zagaye, wato layin da ke sa manhaja ta maimaita aiki, ko ɗaya ba.

Sai jeri. A nan ina so ki daɗe, domin duk wanda ya ɓace a objek, in aka bincika, tun a jeri ƙafarsa ta zame. Ɗauki takarda ki zana akwati uku a jere, ki sa 45, 70, 62 a ciki. A ƙarƙashinsu ki rubuta lambar gurbi: 0, 1, 2. Tsawon jerin 3 ne, amma babu gurbi mai lamba 3. Yanzu kalli wannan layin:

for (int i = 0; i <= maki.length; i++)

Kada ki kai shi kwamfuta tukuna. Ja layi a takarda, ki rubuta i a sama, ki bi shi zagaye-zagaye da biro: i yana 0, an ɗauko 45, i yana 1, an ɗauko 70, i yana 2, an ɗauko 62, i yana 3, sharaɗin ya ce a ci gaba tunda 3 daidai yake da 3, aka miƙa hannu gurbin da babu shi. Java za ta tsaya ta jefo miki ArrayIndexOutOfBoundsException, ta faɗi lambar gurbin da kika nema da lambar layin da abin ya faru. Wannan jan rubutun da ɗalibai ke rufewa da sauri saboda tsoro, shi ne ya fi kowa gaya miki gaskiya. Ki karanta layinsa na farko, ki nemo sunan fayil ɗinki da lambar layi a ƙasa, ki koma can. Alamar daidai guda ɗaya ce za ki goge.

Irin wannan bi da biro shi ne atisayen da nake so ki riƙa yi kullum, ko da na minti talatin ne. Ki rubuta guntun da ke tara maki, da wanda ke nemo mafi girma, da wanda ke nemo mafi ƙanƙanta, da wanda ke ƙirga waɗanda suka ci, da wanda ke juya jeri ƙarshe ya koma farko. Kowanne, kafin ki rubuta shi, ki fara rubuta gwajinsa: jeri mai abu ɗaya tak, jerin da duk makinsa iri ɗaya ne, jerin da amsar take a gurbin farko, da wanda take a gurbin ƙarshe, da jerin da babu komai a ciki. Za ki ga abubuwan mamaki. Mai neman mafi ƙanƙanta da ya fara ajiye 0 a matsayin amsa zai yi ta dawo da 0 har abada, domin babu makin da zai yi ƙasa da shi. Daga gurbin farko na jerin ake farawa. Matsakaicin 50 da 51 zai fito 50 maimakon 50.5 in duka lambobin int ne, wato marasa ɗigo, domin Java tana yar da ragowar rabawa. Jerin da babu kowa a ciki kuwa zai kai ki raba lamba da sifili, manhajar ta faɗi. Ba a haddace waɗannan daga takardar malam. Sai sun kama mutum sau ɗaya a gwajin da ya rubuta da hannunsa, daga nan ba ya mantawa.

Wani abu ƙarami da zai hana ki ɓata dare guda: in kina gwada lamba mai ɗigo, wato double, ki ba assertEquals lamba ta uku, ɗan rangwame kamar 0.001. Kwamfuta ba ta riƙe irin waɗannan lambobin cif-cif. In kika haɗa 0.1 da 0.2 a Java, 0.30000000000000004 za ki gani.

Objek kuma, fara da tambayar me ya sa ake buƙatarsa. Kuna iya riƙe sunaye a jeri ɗaya, maki a wani jerin, lambar rajista a na uku, kuna fatan gurbi na 4 a kowanne mutum ɗaya yake nufi. Ranar da aka jera makin daga babba zuwa ƙarami aka manta da jerin sunaye, an ba Binta makin Hadiza ke nan. Objek yana ɗaure sunan da makin da lambar wuri ɗaya, tare da ayyukan da suka shafe su, yadda duk inda ɗalibi ya matsa da kayansa yake matsawa. Dabarar ta girmi Java nesa ba kusa ba. Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard ne suka fito da ita a birnin Oslo cikin harshen Simula 67, suna neman hanyar kwaikwayon abubuwan duniya a kwamfuta, kusan shekara talatin kafin kamfanin Sun ya fitar da Java a 1995.

Inda ake tuntuɓe shi ne nan:

Dalibi[] aji = new Dalibi[30];

Ɗalibai suna ɗauka sun samar da ɗalibi talatin. Ba su samar da ko ɗaya ba. Kamar malamin firamare ne da ya buɗe sabuwar rajista ya ja layi talatin, bai rubuta sunan kowa ba tukuna. In ya kira suna daga layin farko babu mai amsawa. Kowane gurbi null ne a cikinsa, wato babu komai, har sai kin sa new Dalibi a gurbin da kanki. In kika nemi sunan aji[0] kafin haka, NullPointerException za ki samu. Kada ki ji kunya in ya kama ki. Tony Hoare, wanda ya shigo da null cikin harshen ALGOL W a 1965, da bakinsa ya kira shi kuskuren dala biliyan a 2009, saboda irin asarar da ya jawo wa masu manhaja a duniya.

Abin da ke cikin gurbin ma ba ɗalibin ba ne, adireshin inda yake ne. Wannan jimlar in ta zauna miki, rabin wahalarki ta ƙare. Gwada wannan a takarda:

Dalibi a = new Dalibi("Binta", 55);
Dalibi b = a;
b.maki = 80;

Nawa ne makin a yanzu? Rubuta amsarki kafin ki ci gaba da karatu. In kin ce 55, zana shi: akwati ɗaya mai Binta da 55, kibiya daga a zuwa akwatin, wata kibiyar daga b zuwa wannan akwatin dai. Sau ɗaya aka rubuta new, don haka objek ɗaya ne. Amsar 80 ce. Duk lokacin da kika rikice, ƙirga new nawa ne, ki zana akwati ga kowanne, sauran duk kibiyoyi ne. Daga wannan zanen za ki gane me ya sa alamar == ke cewa ɗalibai biyu masu suna ɗaya da maki ɗaya ba daidai suke ba: adireshi take kwatantawa. Abin da ke ciki equals ke dubawa, shi ma sai kun rubuta wa Dalibi nasa. Haka nan jeri biyu, assertArrayEquals za ki yi amfani da shi, domin assertEquals zai nuna ja ko da lambobin cikinsu iri ɗaya ne.

Bayan gwaje-gwajenki sun nuna kore, kada ki saki jiki. Ki lalata manhajar da gangan: canza 70 ta koma 71, ko ki cire layi ɗaya, ki sake gwadawa. In har yanzu kore ne, gwajinki ba ya gadin komai, sai ki ƙara wanda zai kama wannan ɓarnar. Edsger Dijkstra ya daɗe da faɗin cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya nuna babu shi. A 2006 Joshua Bloch ya bayyana cewa hanyar binciken jeri da shi kansa ya rubuta wa Java ta yi kusan shekara tara da kuskure a cikinta ba a gani ba. Tana haɗa lambar gurbi biyu ta raba biyu don samun tsakiya, amma in jerin ya haura gurbi biliyan ɗaya, jimlar tana iya wuce 2,147,483,647, iyakar abin da int ke ɗauka, sai ta juye ta koma ƙasa da sifili. Ƙwararre ne na ƙwararru, kuma a bakin iyaka abin ya kama shi, daidai inda na ce ki riƙa dubawa.

Rashin kwamfuta cikas ne na gaske, ba zan raina shi ba. Sai dai mafi yawan abin da na lissafa miki a takarda ake yinsa, kuma in jarrabawarku ta rubutu ce kamar yadda ake yi a jami'o'inmu da yawa, a takardar dai za a tambaye ki abin da wani guntun manhaja zai fitar. Ki yi tunanin a ɗaki, ki kai ɗakin kwamfutar sashenku ko kwamfutar ƙawarki don tabbatarwa kawai. Sa'a ɗaya ta mai zuwa da hasashe a rubuce tana da albarka sosai. A waya akwai shafin Python Tutor, wanda duk da sunansa yana karɓar Java, yana zana akwatuna da kibiyoyin nan layi bayan layi. In kin samu aron kwamfuta, BlueJ kyauta ne, don masu koyo aka yi shi, kuma yana barin ki ƙirƙiri objek ki leƙa cikinsa da idonki.

ChatGPT kuma, ban ce ki goge shi ba. Ki canza abin da kike tambayarsa. Kada ki sake ce masa ya rubuta miki aiki. Ki rubuta naki, ki yi hasashe, in ya saɓa ki yi ƙoƙarin gano dalili na ɗan lokaci, sannan ki nuna masa saƙon kuskuren ki ce ya yi miki bayani ba tare da ya gyara ba. Shi ma yana kuskure, da cikakken ƙarfin hali kuwa, don haka abin da ya faɗa ki bi shi da gwaji. Ki kuma tambayi malam abin da ya halatta a darasinsa, ki tsaya a kai.

Saura maganar mutane, wadda na san ita ta fi yi miki nauyi. Ƙawarki ta riga ta san kina kwafa, ai ita ke ba ki. Abin da ba ta sani ba shi ne kina son dainawa. Ki same ta ku biyu ki ce, "Don Allah daga yau kada ki ƙara tura min aikinki. Ki ba ni sa'a ɗaya sau biyu a sati, ni zan riƙe biro, ke ki riƙa tambayata." Sharaɗin nan na riƙe biro ki kiyaye shi, domin mai iyawa hannunsa ƙaiƙayi yake yi, yana ganin kin tsaya zai karɓe ya rubuta, ku koma gidan jiya. Ita ma za ta ƙaru, musamman ranar da gwajinki ya nuna ja a kan abin da ta rubuta. In hakan ta faru ki faɗa mata da ladabi, ki nuna mata lambar da kika shigar da abin da ya fito.

Malam kuma ki je ofishinsa ke da ƙawarki a lokacin da ya ware wa ɗalibai, da takardarki a hannu. "Malam ban gane objek ba" ba ta ba shi abin kamawa. "Malam na zana wannan, na sa ran 55, ya fito 80, ina kibiyata ta kauce?" za ta sa ya gyara zama. Babanki kuwa, ba sai kin ɗora masa labarin canjin sashe yanzu ba, tunda babu shawarar da aka yanke. Amma in ya tambaye ki karatu, kada ki ce lafiya lau kawai. Ki ce masa akwai darasi ɗaya da ke ba ki wuya kuma kin tashi tsaye a kansa, ki roƙe shi addu'a. Wataƙila ma daga nan maganar kwamfutar hannu ta taso, ko da wadda aka taɓa amfani da ita ce.

Sati biyun farko ki ba jeri, na uku da na huɗu objek da jerin objek, gwajin aikin rukuni yana tafiya tare da su tun daga ranar farko. Sati biyun ƙarshe ki nemo tambayoyin shekarun baya ki amsa su da agogo a gabanki. In zangon ya ƙare kin yi wannan da gaske, kika ga ko lokacin da ja ya koma kore ba ki jin komai a ranki, to ki sake rubuto min mu yi maganar canjin sashe, kuma a lokacin zan saurare ki da kyau, domin ba aibi ba ne mutum ya gane hanyarsa wata ce.

Ranar kare aiki, in malam ya tambaye ki abin da ba ke kika rubuta ba, ki ce wance ce ta rubuta wannan, ga abin da na fahimta a kai, ni kuma ga gwajin da na yi masa. Ki tafi da takardar iyakokinki, ki shirya misali ɗaya na kuskuren da gwajinki ya kama a aikin rukunin da yadda kuka gyara shi. Allah Ya ba da sa'a, Ya sanya albarka a karatun.